Yadda Muka Mayar da Jikata Profesiyonel

Karatuna na lakkwal, wato boko, bai yi nisa ba. A Damagaram na fara shi, malamin ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu lafiya. Sauran ilimina a lizin, wato masana'antar Saint-Fons kusa da Lyon a Faransa, na same shi, tsakanin bututu da warin magani, har suka sallame ni da retret, wato fansho, da tari a ƙirji. Duk da haka yau zan yi bayani a kan bambancin amater da profesiyonel a wasan harbi. Masu digiri su gyara zama. Na san wannan fanni fiye da yadda nake so in san shi.

Jikata ce mai harbin. Iyayenta suna Saint-Denis, kusa da Paris, can aka haife ta. Da ta gama karatu ta samu aiki a laboratuwar, ɗakin gwaje-gwaje na wata lizin kusa da wadda na tsufa a ciki, sai ta dawo wajenmu, ni da kakarta. Ina ce mata amarya, tana ce mini tsohon miji mara haƙora, kakarta tana cewa mu biyun duk a fitar mata da mu daga kicin.

Bindigar tata ta iska ce. Babu albarushi, babu hayaƙi, ƙararta ba ta tayar da tantabara. Ana tsayawa nesa da mita goma, a auna wani baƙin ɗigo wanda tsakiyarsa ba ta kai ƙwayar riɗi ba. Ranar da na fara raka ta kulob na ga mutane a jere, kowa ya ƙame, babu mai tari. Na ce mata a garinmu maharbi in ya fita yakan dawo da zabo, ita kuma kullum takarda mai huji take kawo mana, ko romo ba a yi da ita. Ta ce in na iya tsayar da hannuna na kai shayi baki bai zube a riga ba, sai mu yi maganar zabo.

Amma na ga fuskarta in ta ɗaga bindigar. Yarinyar da ba ta iya zama wuri ɗaya, mai magana da waya biyu a lokaci guda, sai ta zama kamar an dasa ta. Ta ce mini nan ne kaɗai kanta yake yin shiru.

Kulob ɗinsu yana cikin wata haɗaka ta kulob-kulob, kuma haɗakar ta raba maharba gida biyu. Ga yadda ta fassara mini, ni kuma na haddace. Amater shi ne wanda yake sayen harsashinsa da kansa, ya biya jirginsa, ranar Litinin ya tashi ya tafi aiki kamar kowa. Profesiyonel shi ne wanda wani ɗan kasuwa ko kamfani yake ɗauke masa kaya, shi kuma ya ɗauki sunan mutumin a bayansa. Wanda aka tsallakar da shi zuwa gida na biyu ba ya dawowa na farko sai an yi shekaru. Na ce to wannan ai mai sauƙi ne, amater talaka ne, profesiyonel mai ubangida. Ta ce kusan haka.

A shekarar da nake magana ta cinye duk amater na yankin Lyon. Saura babbar gasa ta ƙarshe a Paris, da bazara. Sau ɗaya ta faɗa mini, muna jiran bus, cewa tun tana ƙarama ba ta taɓa son wani abu kamar ta tsaya a layin nan ba. Ba ta ce ta ci ba. Ta tsaya kawai, a kira sunanta.

Kakarta ce ta kai labarin Paris ta waya, kafin magariba ya zaga duk inda ɗan Nijar yake. Ya kai kunnen Alhaji. Alhaji yana da butik, wato shago, a unguwar Goutte d'Or ta Paris, ana sayar da waya ana aika kuɗi gida. Lokacin da na sauka ƙasar nan da jaka ɗaya, a ɗakinsa na kwana, a kan tabarmarsa. In ɗan ƙasarmu ya rasu, shi yake shige gaba har a kai gawa gida. Mutum ne mai son kokowa, kuma kowa ya san yadda ake yi a filin kokowa: in yaro ya yi kaye, masu hali su tashi su yi masa kyauta, a faɗi sunansu a lasifika, jama'a su yi tafi. Ba saye ba ne, ba haya ba ce. Nuna wa duniya ake yi cewa yaron yana da mutane.

Sai ga Alhaji a Lyon ranar wata Lahadi, shi da Malam, limamin da yake ja musu salla a unguwarsu. Bayan an gama gaisuwa, an tambayi gida da gajiya da sanyi da mutanen Damagaram ɗaya bayan ɗaya, sai ya buɗe jaka. Rigar harbi ce, irin mai taurin nan kamar tanti, ta gaske, mai tsada. Ya tambaya a kantin masu harbi an ba shi wadda ta fi. Sannan ya kai wa telansa, tela ya yi mata surfani da zare ruwan zinariya a baya, sunan butik da manyan baƙaƙe, har da ado a gefe kamar wuyan babbar riga.

Jikata ta dube ni. Ni kuma na dubi kwanon goro. Sai ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya da Hausarta mai ɗingishi. Aka ce ta saka a gani. Ta saka. Malam ya yi addu'a, Alhaji ya ɗauki hoto, gaba da baya. Da suka tafi ta ninke rigar ta tura ƙarƙashin gado, ta ce ba za ta taɓa shiga filin harbi da ita ba, don haka babu matsala.

Hoton ne ba ta lissafa da shi ba. Alhaji ya sa aka faɗaɗa shi ya kusa tsawon mutum, ya manna a gilashin butik, tsakanin farashin waya da tallan aika kuɗi. Wani ɗan wani kulob na Paris ya bi ta titin, ya gani, ya kai wa shugabannin haɗakar. Ba na zaginsa. Da jikarsa ce za ta kara da tawa, ban san abin da zan yi ba.

Shugabannin suka kira ta. Ba su yi zafi ba. Suka ce a cire hoton, a mayar da rigar, ta zo Paris ta faɗa da bakinta cewa kyautar dangi ce ta sau ɗaya, shi ke nan a rufe magana.

A wajensu wannan aikin rabin yini ne. A wajenmu, mutum ya mayar wa Alhaji kyautar da ya hau jirgi ya kawo da hannunsa, gara ya mare shi a ƙofar masallaci. Irin wannan magana ba a faɗa wa babba ido da ido, ana aika wanda ya isa. Na kira Malam na zayyana masa komai, ya ce in bar masa. Malam shi ma ɗan mutane ne. Da ya zauna gaban Alhaji, sai ya zagaya, ya sassauta, ya cire ƙayar maganar ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage ya isa kunnen Alhaji shi ne, masu harbi sun ga hoton yarinya, hassada ta kama su, suna son hana ta shiga gasa, suna tambayar wa ke bayanta.

Alhaji ya kira ni. Ya ce ranar zaman da shi za a yi. Na ce kada ya wahalar da kansa, ga ciwon gwiwa. Ya ce ko a keken guragu ne zai zo. Na ce wa jikata ta kwantar da hankalinta, zan tare shi a ƙofa in yi masa bayani. A ƙofar kuwa ya iso da babbar riga fara ƙal da turare, ya riƙe hannuna yana tambayar mutanen gida, kafin mu gama gaisuwa aka ce mu shigo.

Ɗaki ne ƙarami a saman filin harbi, da rana tsaka. Shugabar zaman wata dattijuwa ce mai farin gashi, wadda ta yi harbi a zamaninta. Na ga tana son yarinyar. Ta shimfiɗa mata tambayar yadda ko ni zan iya amsawa: wannan kyauta ce ta dangi, sau ɗaya, babu wani alkawari a bayanta, ko ba haka ba? Jikata ta ce haka ne. Dattijuwar ta gyaɗa kai, ta fara tattara takardunta.

Sai Alhaji ya miƙe. Na kama gefen rigarsa na ja, ya ɗauka gyara masa nake yi. Ya yi magana da Faransancinsa na kasuwa, a hankali, don kowa ya ji.

"Madam, kada ku ɗauka yarinyar nan ba ta da kowa. Tawa ce. Harsashinta, jirginta, bindigarta, duk a wuyana suke, daga yau har ranar da ta ajiye harbi. Sunan butik ɗina yana bayanta, kuma ba zan cire ba. Ku rubuta."

Dattijuwar ta cire tabarau ta ajiye. Ta tambaye shi ko yana so ya zauna ya sha ruwa, ya sake tunani a kan abin da ya faɗa. Ya ce shi tunda yake bai taɓa yin magana a gaban mutane ya janye ba. Jikata ta buɗe baki. Na ga ta dubi Alhaji, tsoho mai ciwon gwiwa da ya hau matakala saboda ita, ta dubi ni, sai ta rufe bakin. Mutum biyu da ke gefen dattijuwar suna ta rubutu.

Da muka fito Alhaji ya ce mini ya ga yadda jikinsu ya yi sanyi. Ya kai mu cin gasasshen nama kusa da butik, a gaban hoton. Jikata ta ce azumin nafila take yi.

Haka muka mayar da ita profesiyonel. Gasar bazara aka yi ta babu ita.

Na sha juya maganar nan a kaina, tunda mai retret ba shi da aikin da ya fi wannan. Ina neman wanda zan ɗora wa laifi in huta, ban samu ba. Alhaji ya yi abin da babba yake yi in an taɓa nasa. Malam ya yi abin da ɗan aike mai hankali yake yi. Dattijuwar ta bi dokarsu, kuma dokar ba ta banza ba ce, don in aka bar masu ubangida su shiga cikin talakawa, talaka ba zai sake ganin lambar yabo ba. Kowa ya yi daidai, yarinya ta faɗi.

A gidan profesiyonel ta tarar da mutanen da harbi ne aikinsu daga safe zuwa yamma, masu mai horarwa, masu mai matsa musu kafaɗa. Ita kuwa tana zuwa ne bayan ta yini tana leƙen kwalabe a laboratuwar, idonta ya yi ja. Alhaji bai yi ƙarya ba, yana aikowa in ya tuna: sabuwar waya da ƙaramar salla, atamfa da babbar salla. Abin da take bukata lokaci ne, shi kuma ba a sayar da shi a butik. Ta roƙi shugabanta na aiki ya rage mata awoyi, ya ce lizin ba kulob ba ce.

Na raka ta gasa ɗaya a Lyon. Akwai babban allo mai haske da ke jera sunaye. Na fara nemanta daga sama, kamar yadda na saba, wuyana yana sauka yana sauka har ya kai ƙasa. A hanya na ce mata aƙalla ta hutar da tsoho ɗaga kai. Ta yi dariya kaɗan don kada in ji kunya. Duk sanda Alhaji ya kira yakan tambaya ko championne, wato gwarzuwarmu, ta kayar da su duka, ni kuma in ce ana nan ana fama. Daga baya ta fara tsallake gasa, yau aiki, gobe ciwon kai. Sannan ta daina zuwa kulob ɗin gaba ɗaya. Ranar Asabar sai ta kwana har azahar, waya biyu a kan matashi.

Shekarun da doka ta yanka suka cika. Dattijuwar nan da kanta ta kira, ba ta manta ba, ta ce ƙofar amater a buɗe take. Kakarta ta yi ta murna. Ni na dame ta da tsiya, na ce amaryar da ba ta kawo ko takarda mai huji gida sakinta zan yi. Don ta rabu da bakina ta ce mu je.

Muka je wata Asabar da safe. Ta saka tsohuwar rigarta, ta tsaya, ta ɗaga bindigar. Ta yi harbi kaɗan, na leƙa allo, duk suna kusa da tsakiya. Na fara shirya abin da zan faɗa wa kakarta. Sai na ga ta sauke bindigar, ta goge ta, ta kwantar da ita cikin akwati. Ta kai wa mai kula da kulob ɗin, suka yi magana ƙasa-ƙasa, ya ɗauki akwatin ya shiga da shi ciki. Na tambaye ta ko gyara za a yi. Ta ce a'a, sayarwa, akwai wata yarinya da take nema.

A cikin bus na ce mata ai hannun nata yana nan.

"Yana nan, Kaka," in ji ta. "Idon ma yana nan. Ni ce in na harba yanzu, ba na damuwa in duba inda ya faɗa."

Ba ta taɓa kirana Kaka ba sai ranar. Muka sauka. Na tsaya na sayi burodi, ta jira ni a bakin titi. Da muka shiga gida kakarta ta leƙo daga kicin ta tambaya yaya aka yi. Ta ce lafiya lau, ta wuce ɗaki ta jona dutsen guga, ta fara goge farar rigar aikinta ta Litinin.