Takalmin Baba Mahamudu

Duk wanda ya san Baba Mahamudu a Woolwich ya san ana jin sa kafin a gan shi. Shekara talatin ya yi yana tuƙin bas, amma ka tambaye shi sana'arsa, zai ce maka shi ɗan rawa ne, rawar nan ta takalmi mai ƙarfe a ƙasa wadda ƙafa ke yin kiɗa da kanta.

Su huɗu suka taso daga Zangon Kumasi, suka haɗu a London, suka ɗinka kwat iri ɗaya suna waƙar soul a wuraren biki. Yelwa da Abdul-Basit sun riga mu gidan gaskiya. Saura shi da Shamsudeen, mai zaƙin muryar cikinsu, wanda shanyewar jiki ta kwantar a gidan kula da tsofaffi. Shekara biyu bai ce uffan ba. Sai dai in Baba Mahamudu ya taka masa rawa, yatsansa ɗaya yakan motsa. Saboda yatsan nan kawai yake zuwa duk Juma'a, daga masallacin Regent's Park kai tsaye, da takalmin a ƙafarsa.

Wata Juma'a Nusrat, 'yar Shamsudeen, ta kira shi da safe. "Uncle, doctor ya ce kwana biyu ne ko uku suka rage wa babana. Please ka zo yau."

Aka sallame salla, ya fito, babu takalmi. Wani baƙi mai igiya, mai kama da shi sak, shi aka bar masa. Mutane suka fara ba shi haƙuri, wani har da ce masa ya sa wannan ɗin mana, ai duk takalmi ne. Ni da nake tsaye kusa na ji haushin maganar nan, shi kuwa ko kallon mutumin bai yi ba. Ya rufe ido a tsakiyar jama'a, ya kasa kunne. Can wajen ƙofa ya jiyo ƙarar, ƙas, ƙas, ƙas, tana yin nisa.

Tsoho mai shekara saba'in da ɗaya ya bi titi da safa kawai, a kan jiƙaƙƙen daɓe, gwiwa na ciwo. Sai kusa da tashar tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya cim ma wani likita Bakano, Dakta Maharazu, yana ta waya.

"Massa, takalmina ne ke ƙafanka."

Likitan ya duba ƙasa, kunya ta rufe shi. "Subhanallahi! Baba, ka yafe ni. Wallahi na ɗauka tsakuwa ce ta maƙale."

Ƙarfe huɗu saura ya isa. Ya tarar da abokinsa ya rame, ido a rufe. Ya janye darduma gefe, ya fara takawa, yana haki, yana rera muryarsa ta ƙasa shi kaɗai. Yatsa bai motsa ba. Ya ci gaba. Sai leɓen Shamsudeen ya buɗe.

"Ka makara."

Nusrat ta fashe da kuka, ta soma bayanin cewa ba laifin Uncle ba ne. Baba Mahamudu ya ɗaga mata hannu. Ba agogo ake nufi ba, ƙafarsa ta hagu ce ke faɗuwa bayan kiɗa. Ya share fuska da hannun riga.

"To, ƙirga mini," ya ce, ya koma farko.