Eh ɗin da ya ci aikin Yaya

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da Turanci a wata ƙaramar sakandare a Kibiya, kuma cikin duk darussana babu wanda nake ji da shi kamar tambaya mai ɗauke da "ba". Bahaushe in ka ce masa, "Ba ka ci abinci ba?" sai ya ce "Eh", wato gaskiyarka, bai ci ba. A Turanci kuwa in aka ce "Didn't you eat?" ka ce "Yes", to ka ci ke nan, har ka wanke hannu. Mu maganar mai tambaya muke gaskatawa, su kuma aikin suke dubawa, an yi ko ba a yi ba. Na tsawata wa yara a kan wannan ba adadi. Ina alfahari da cewa ɗalibina ko a mafarki ba zai yi wannan kuskure ba.

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara tara. A aji uku na firamare ya tsaya, daga baya ya riƙe gonarmu ta Fammar don ni in yi karatu. Tun ina ɗalibi yake kirana Malam, rabi tsokana rabi girmamawa. Tuƙi ya koya da kansa, kuma da wani kamfani ya zo gyaran hanya a yankinmu, aka ɗauke shi direban tankar da ke yayyafa ruwa a kan jar ƙasa. Shi ne aikin albashi na farko a rayuwarsa, yana da 'ya'ya bakwai.

Ranar da zai fara, ya tsaya a ƙofar gidana da safe, ina zaune da kofin shayi.

"Malam, ba ni ɗan Turancin da zan riƙe mana. An ce injiniyan mutumin kudu ne, ko zo in kashe ka ba ya ji."

Na yi dariya na ce, "Yaya, Turancin aiki ai kalma biyu ne. Duk abin da Oga ya faɗa, ka ce Yes, sir."

Iyakar abin da na ba shi ke nan. Mutumin da ya ba ni ƙuruciyarsa, ko kofin ban ajiye ba.

Ya yi wata biyar lafiya lau. Sai wata Juma'a ya nemi izini wurin shugaban direbobi, ya tafi ɗaurin aure Rano. Wani direba ya ɗauki tankar, ya daki sabon kwalbati a wajen Fassi ya farfasa shi, ya lallaɓa ya mayar da mota ya yi gum. Ran Litinin injiniya ya tara direbobi a fusace, ya nufi Yaya tunda motarsa ce.

"Didn't you drive the tanker on Friday?"

Yaya ya ji tanka, ya ji Juma'a, kuma wata biyar sun isa ya gane cewa "didn't" ita ce "ba". A kunnensa tambayar ita ce: ba ka tuƙa tankar ran Juma'a ba? Har daɗi ya ji, ashe Oga ya san ba ya nan. Ya yi murmushi ya ce, "Yes, sir."

Ina jin murmushin nan ya fi komai ɓata lamarin. Injiniya ya ga mutum ya fasa kwalbati, ya amsa laifi, yana kuma washe baki. Ya miƙa hannu ya karɓe mukulli. Shugaban direbobi, wanda ya ba da izinin da bakinsa, ya sunkuyar da kai, domin mai laifin ɗan ƙanwarsa ne.

Daga can gidana Yaya ya zo. Ya maimaita mini tambayar yadda kunnensa ya kama ta, a karkace amma ba ta ɓata ba. Tun bai ƙarasa ba na gane abin da ya faru. Darasina ne, wanda nake ji da shi. Na yi masa bayani, ya saurara har ƙarshe.

"To yanzu gaskiya na faɗa ko ƙarya?"

"Gaskiya ka faɗa, Yaya, amma da Hausa."

Na yi masa alkawari ni da kaina zan je in warware wa injiniya. Maganar minti biyu ce.

Ran Laraba na sa kaftanina na zuwa taro, na hau babur, ina ta bitar jimlolina a hanya. Ofishin injiniya kwantena ce mai taga ɗaya. Da na isa bakin ƙofar shiga, sai na jiyo shi yana waya, Turanci yana fita daga bakinsa kamar ana suyar gugguru. Ban kama ko rabi ba. Ni da nake dokar barci a aji, sai ga ni da gyangyaɗi. Mai gadin wurin kuma uban ɗalibina ne, ya miƙe yana cewa, "Malam, sannu da zuwa, a yi maka iso?" Na hango kaina a ciki ina inda-inda, mutumin nan yana cewa in maimaita, mai gadi yana ji, gobe labari ya zaga Kibiya. Na ce wa mai gadin wucewa nake yi. Na tsaya ƙarƙashin wata darbejiya na ɗan jima, sannan na juya babur.

Na ce gobe zan koma. Goben ta yi ta ja har kamfanin ya gama aikinsa ya kwashe kwantenarsa kafin damina. Yaya ya koma gona. A tasha har yau akwai masu ce masa mai fasa kwalbati, kuma babu mai mota da ya sake ba shi tuƙi. Na ji haushin injiniya, na ji haushin shugaban direbobi, na ji haushin harshen da eh ɗinsa ba namu ba ne. Amma haushin da ya zauna mini na kaina ne, kuma bai tafi ba.

Yaya bai tambaye ni yadda muka yi ba, ni kuma na fake da shirunsa. Sai da kaka ta yi, na je taya shi ɗaurin dawa a Fammar. Muna ɗaure dami ɗaya, shi ta can ni ta nan, ya ja igiya ya taka da ƙafa, bai ɗago ba.

"Mai gadin nan ya ce ya gan ka ranar. Malam, ba ka shiga wurin Ogan ba ko?"

Na ce, "Eh."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗaga damin shi kaɗai, bai jira na kama masa ba.