Tafiyar Bidi

Duk wanda ya saba zuwa bakin tafkin Jabi ran Asabar ya san Manniru, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne siriri, mutumin wani ƙauye a ƙasar Katsina, yana jan doki ana hawa ana ɗaukar hoto. Sauran kwanakin mako dako yake yi a kasuwar Utako. Ba shi da yawan magana, sai fa in an taɓo zancen doki, nan kam sai ka gaji ka nemi hanyar gudu.

Dokin nasa Bidi gajere ne, ba wani kyan gani. Abin da Allah ya ba shi tafiya ce. Yawancin dawakai in suka ƙara sauri sai su shiga sassarfa, su riƙa cilla mahayi sama yana faɗowa kan sirdi har hanjinsa ya kaɗa. Bidi ba haka yake ba. Ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya suke sauka, cikin sauri, bayansa kuwa ko motsi ba ya yi. Kana iya shan shayi a kansa bai zube ba. Da tafiyar aka haife shi, ba wanda ya koya masa.

To amma ina ruwan 'yan Abuja da wannan? Su dai doki ya yi tsawo a hoto. Saurayi zai hau ya ce, "Oga, wannan dokin gurgu ne? Me ya sa ba ya tsalle?" Abokan sana'a kuma kullum tsokana, wai jaki ya ɗaura wa sirdi. Manniru yakan yi dariya, amma abin yana cinsa a rai.

Mutum guda ne ya san darajar Bidi, wato Baba Zacharias, tsohon direba daga Filato wanda ciwon baya da shanyewar ɓarin jiki suka zaunar. 'Yarsa Catherine ke kawo shi. A kan doki ya yi ƙuruciyarsa, cikin duwatsun garinsu, ko sirdi babu. Yanzu sai mutum biyu sun kama kafin a ɗora shi, amma da Bidi ya fara tafiya sai ka ga tsoho ya miƙe, fuska ta washe.

"Ɗana," yakan ce wa Manniru, "duk sati a kujera nake. A nan kawai nake tafiya."

Ana nan sai wani dillali daga Karu ya zo da ƙaton ingarma ja, mai tsawo, mai sheƙi, ya ce a yi musaya. Abin haushin, Manniru ya fi kowa sanin abin da yake bayarwa. Bai yi don rashin sani ba, gajiya ya yi da dariyar mutane. Ya miƙa linzamin Bidi, ya karɓi na ingarma.

Da Asabar ta zo, Baba Zacharias ya dubi sabon dokin, ya ce a ɗora shi. Ba a yi nisa ba ingarma ya shiga sassarfa. Tsohon ya cije leɓe, gumi ya keto masa, aka sauke shi da ƙyar. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi.

"Doki mai kyau ne," ya ce. "Na yara ne."

Daga ranar bai sake zuwa ba. Samari kuwa suka yi ta layi, aka daina tsokana, amma Manniru bai ji daɗin komai ba. Da abin ya ishe shi ya ja ingarma har Karu, ya yi ta roƙo har aka dawo masa da Bidi.

Sai da ya hau ya gane ɓarnar da aka yi. Wanda ya riƙe dokin ya ɗauka tafiyar aibi ce, ya sa bulala ya gyara ta. Bidi ya fara takunsa na da, sai ya zabura kamar mai jiran duka, ya faɗa wata mummunar sassarfa. Manniru ya lallashe shi makonni, da dawa da shafa wuya, amma dokin ya riga ya tsorata da tafiyarsa.

Ya rasa yadda zai yi, sai ya tafi unguwar Kado gaida tsohon. Ya same shi kwance a falo, ya rame.

"Catherine ta ce ka dawo da shi," in ji Baba Zacharias. "Har yanzu yana tafiyar nan tasa?"

Manniru ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, ya ga yadda idon tsohon ya kawo haske.

"Yana yi, Baba."

"To, madalla. Catherine, ki wanke mini hulata. Asabar za mu je."

Catherine ta tashi da murna ta shiga ɗaki. Manniru ya zauna kansa a sunkuye, tsohon yana ta ba shi labarin inda yake so su zagaya.