Kwalaben Abhur da Suka Kusa Ja Min

Jama'a, yau na ga ta kaina a kan kwalaben banza!

Jiya aka yi walima a gidan kafilina, wato maigidan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar nan, a unguwar Abhur. Da safe ya ce in zubar da kwalaben lemon inabi. Wallahi sak na giya: baƙaƙe, da zanen gwal, wuya da ƙarfe. Ga shi a ƙasar nan doka ta hana giya. Na ce bari in kai wa Malam Sani mai sayen kwalabe a unguwar Waziriyya.

Ya juya ɗaya ya ce, "Ɗan'uwa, kwalliyar nan ce ta kashe su. Fenti, roba, ƙarfe, duk a manne. Masu narkarwa ba sa karɓa. Halas, shi ke nan, kwashe kayanka!"

Ina fitowa da buhu yana ƙaras-ƙaras, sai ga ɗan sanda! Ya zaro ɗaya, ya ƙura min ido. Na fara laluben iƙama, katin izinin zama. Ya shinshina, ya karanta rubutun jikinta, sai ya fashe da dariya.

"Inabi ne! Matata na neman irinsu ta sa furanni."

Ya zaɓi huɗu, har da godiya. Abin da masu narkarwa suka ƙi, hukuma ta karɓa hannu bibbiyu!