Tsohuwar da Ta Hana Ni Yi Mata Wanka

Shekarun baya, lokacin ina aikin jinyar tsofaffi a gidajensu, aka tura ni wajen wata tsohuwa 'yar ƙasar Denmark a garin Greenbelt, can ƙasar waje inda muke zaune. Ciwon mantuwa ya cinye mata Turanci kaf, yaren garinsu kaɗai ya rage a bakinta. Kullum na zo yi mata wanka sai ta buge min hannu tana faɗa. Ranar da ta watsa min ruwa a fuska, 'yarta ta ce, "In abin nan bai gyaru ba, gidan tsofaffi zan kai ta. Na gaji."

Maganar ta tsaya min a rai. Ni da har yau yara ke gyara min Turanci, na sauke manhajar koyon yaren Danish a waya. A jirgin ƙasa nake bita, a kicin ma haka, ina ta gurnani kamar mai kurkure baki. Maigidana ya ce, "Hajiya, wannan yare ne ko mura?"

Da na iso darasin abubuwan da mutum ke yi wa kansa, wanka, sa kaya, taje kai, sai na yada zango, tunda aikina ke nan. Na sha wuya, na yi ta cakuɗa "kaina" da "kanki" da "kanta". Cikin wannan faman ne na gane abin da take nanata min kullum: za ta iya da kanta. Mu kuwa a gida, wa zai bar tsohuwa ta ɗauki ko buta? Ashe ladabin da nake mata shi take gani wulaƙanci.

Washegari na miƙa mata soso na ce, "Vask dig," wato wanke jikinki. Na kai hannuwana baya na riƙe, don wallahi ƙaiƙayi suke min. Ta harare ni, ta gyara min lafazi tukuna, sannan ta karɓa. Ta daɗe, ta jiƙa ko'ina. Da ta gama ta juyo min baya, ta yarda na cuɗa mata nan kaɗai.

Ba a kai ta ko'ina ba. A ɗakinta ta ƙarasa kwanakinta, a kan gadonta.

Yaren ya zube min yanzu, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Amma duk tsofaffin da na yi wa hidima, babu aikin da nake alfahari da shi kamar tsayuwar nan a bakin banɗaki, ina kallon tsohuwa tana wanka da hannunta.