Ranar da Aka Kai Ni Kotu Tare da Kakana

Ina 'yar firamare mahaifina ya rasu, ya bar ni da kakana a gidanmu na unguwar Zaitawa. Mahaifiyata ta riga shi tun ina goye. Kaka kuwa, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗinka takalman fata a Kasuwar Kurmi, tsufa ya fara taɓa masa kai. Yakan cinye tuwo tas, ya wanke hannu, sannan ya tambayi laifin da ya yi ake hora shi da yunwa.

Baffa, ƙanin mahaifina, shi ya je kotu neman a damƙa masa kula da mu da gidan da rumfar Kaka ta kasuwa, tunda ni yarinya ce, Kaka kuma ba a kama maganarsa. Sai aka raba batun biyu: nawa a gaban wani alƙali, na Kaka a gaban wani, kuma duk da safiyar rana ɗaya. Baffa ya yi ta bayani cewa shi mutum ɗaya ne, kuma in ya bar Kaka a benci, kafin ya dawo ya kama hanyar Kurmi. Daga baya alƙalan suka tuntuɓi juna, aka haɗa mu a hannun ɗaya daga cikinsu.

Ni dai murna nake, na huta da makaranta. Har kwalli na rambaɗa.

Alƙalin bai zauna da mu a bainar jama'a ba. Cewa ya yi a shigo da mu ofishinsa, kada taro ya firgita ni. Muna shiga Kaka ya tsaya cak, ya ƙura wa ƙafar alƙalin ido.

"Wa ya ɗinka maka wannan?"

"Saya na yi, Baba."

"An cuce ka. Ciro."

Ɗan sandan da ke bakin ƙofa ya matso, alƙali ya ɗaga masa hannu. Ya ciro takalmin ya miƙa. Kaka ya shinshina, ya lanƙwasa, ya ce roba ce aka shafa wa mai, sannan ya ɗora shi a kujera ya zauna a kai. Haka aka yi zaman, alƙali da ƙafa ɗaya cikin safa.

Alƙali ya tambaye shi, "Baba, yau wace rana ce?"

"Kai da ka yi boko ba ka sani ba, sai ni?"

Alƙali ya nuna Baffa. "Wannan fa, ka san shi?"

Kaka ya dube shi sama da ƙasa. "Na san fuskar. Yana yawan zuwa gidana lokacin cin abinci."

Baffa ya sunkuyar da kai. Ni kuwa dariya ta ƙwace mini har da tari.

"To wa kake so ya riƙa kula da kai?"

Kaka ya nuna ni. "Wannan. Ita ce babbarmu."

Alƙali ya juyo wajena, ya sassauta murya. "Ke fa, 'yata, wa kike so ya kula da ke?"

"Kaka."

"Saboda me?"

"Ba ya tuna ko na je Islamiyya."

Alƙali ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa na girgiza. Da ya samu numfashi, ya yi mana bayani a hankali cewa wanda ake riƙo ba ya riƙon wani. Ya ba wa Baffa amanarmu duka, da sharaɗin ba zai sayar da gida ko rumfa ba sai kotu ta yarda, kuma ba za a raba ni da Kaka ba. Sai da na girma na ji cewa dangi sun riga sun shirya mayar da ni Mandawari wajen wata goggo, wannan maganar ce ta hana.

Takalmi kam bai fito ba sai da alƙali ya yi alkawarin zuwa rumfa a gwada ƙafarsa.

A hanyar gida, cikin adaidaita sahu, Kaka ya taɓa kafaɗar direba.

"Daga kotu muke. Ni na yi nasara." Ya nuna Baffa. "An ɗaure wannan."

Direba ya waigo. "Subhanallahi! Shekara nawa, Baba?"

"Sai yarinyar nan ta girma."

Baffa ya sa aka tsaya, ya sayo mana gurasa, Kaka ya cinye tasa ya cinye rabin tawa.