Ranar da na haɗa mahaifina da ɓera

Shekarun baya, ina karatun digiri na biyu, aikina kiwon ɓeraye ne a ɗakin gwaji. Ni ɗan manomin Maska, da aka koya wa kashe ɓera tun ina ɗan ƙarami, sai ga ni ina dama musu abinci da kitse safe da yamma. Ikon Allah!

Babbar sallah ta zo, abokan karatu duk suka watse, ni kuwa ba halin tafiya, don ɓera bai san hutu ba. Na yi sallata da su. Wallahi kaɗaici ya ci ni, har magana nake musu.

Abin da na gano shi ne, kitsen ba a tumbi kaɗai yake taruwa ba. Yana shiga cikin ƙwayoyin tsoka ya ɓuya, sai jiki ya daina jin insulin, sinadarin da ke kwashe suga daga jini. Ɓeran ba wata ƙiba, amma suga ya hau.

Lokacin an ce mahaifina yana da ciwon suga, ya ƙi komawa asibitin Funtuwa. Wai ciwon masu tumbi ne, shi da yake kamar sillen kara. Na kira shi da zumuɗi na ce, "Baba, ai haka ɓerayena suke."

Ya ce, "Yanzu da ɓera ka haɗa ni?" Ya kashe wayar. Wata da watanni bai ƙara ɗaukar kirana ba, mahaifiyata ce ke gaya mini yana ta ramewa.

Da kaka na je gida. Na same shi bakin rumbu yana ɗana tarko, ko kallona bai yi ba. Can ya ce, "Su mutanen naka, sun warke?"

Na ce, "A'a Baba. Su ba su da ɗan da zai kai su asibiti."

Washegari na fito na tarar ya sa babbar rigarsa, yana tsaye jikin babur. Ya ce, "To, ɗan ɓera, Funtuwar za mu ko surutu?"

Ya yi shekaru bayan nan kafin Allah Ya ɗauki abinsa. Na koyi cewa gaskiya ma sai an san ƙofar da za a shigo da ita. Amma har yau in sallah ta zo, gida cike da mutane, kunnena na neman mai ce mini ɗan ɓera, babu.